Ku daina yi wa ɗalibin Tarihi jaje

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunaye, abu ɗaya nake gani a majalisunmu na Gombe: yaro ya nemi karatun lauya, an ba shi Tarihi, sai a hau yi masa jaje. Wallahi abin yana ci mini rai.

Tushen rainin a bayyane yake. An yi shekaru Tarihi ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, yara suka taso suna zaton haddar sunayen sarakuna ce kawai. Alhali abin da ake koya wa ɗalibi shi ne tantance labari: wa ya faɗa, yaushe, me yake karewa? Tarbiyyar da marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi wa ɗalibansa a Zariya ke nan, kuma ita muka rasa a zamanin nan da kowa ke tura abin da ya gani a WhatsApp.

Ku dubi Burmi, nan kusa da Bajoga. A watan Yulin 1903 sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da ɗaruruwan mabiyansa suna hanyar hijira zuwa gabas. Waɗanda suka tsira wasu sun kai Sudan, suka kafa garin Mai Wurno. Turawan da suka yi harbin sun rubuta nasu rahoton, yana nan a adane. To namu fa? Yana bakin dattawa, su kuwa kullum raguwa suke. Wa zai zauna da su ya naɗi maganarsu, ya je Kaduna ya gwada ta da takardun ma'adanar tarihi ta ƙasa, in ba wanda ya karanci fannin ba? Haka labarin tashin fadar Gombe daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919. Haka tarihin Tangale da Waja da Tera da Bolewa, wanda rikicin sarauta da na iyaka ke jawowa kullum, kowa na faɗin son ransa.

Maganar aiki kuwa, gaskiya ba ya jiran kowa yanzu, har mai digirin injiniya. Amma ga wanda ya karanci Tarihi akwai koyarwa, jarida, gidajen tarihi da aikin gwamnati.

Iyaye, in an ba ɗanku Tarihi a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere, ku sa masa albarka ya tafi. Idan lokacin rubutun kammalawa ya zo, ku tura shi garinku ya fara da kakansa.