Mun bar gona, amma ina muka nufa?

A ƙasashe irin su Sin da Koriya ta Kudu, sa'ad da matasa suka aje hauya, masana'antu ne suka karɓe su. Mu nan Sakkwato, yaro ya aje hauya ya hau kabu-kabu, ko ya kafa laima bakin titi da na'urar POS. Ban raina sana'ar kowa ba, wallahi, halak ɗinsu suke nema. Amma kada a ce mana wannan ci gaba ne.

Cin rani ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu kan kammala girbin gero su nufi kurmi, ruwa na faɗuwa su dawo gona. Yanzu tafiyar ba ta da ranar dawowa. Mutumin Sabon Birni ko Isa ba kwaɗayin birni ya fito da shi ba, gonar ce ba ta shiguwa sai an biya 'yan bindiga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lissafin hukuma. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33 cikin ɗari. A 2023 ta sauya ma'auni: duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako, ma'aikaci ne. Sai adadin ya faɗo kusan kashi 4. Ke nan mai digiri daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke tsaron shagon cajin waya ya sami aiki, a rufe maganarsa!

Alhali aikin yana nan kwance. Jar akuyarmu, wadda fatarta ta yi suna har Turai tun zamanin ayarin Sahara, yau ɗanyar fatar ake lodawa a kai Kano a jeme, wata ma a babbake a cinye ganda. Majema da dukawanmu suna tsufa babu magada. Albasa kuwa, lokacin kaka ta yi arha kamar banza, ta ruɓe don rashin wurin ajiya. Kamfanin siminti na Kalambaina babba ne, amma aikin inji ne, ba zai kwashe matasan jiha ba.

Duk da haka, in aka tashi "tallafa wa matasa" sai a raba babura. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 fasinja da yawa sun koma tafiyar ƙasa, su kuma masu rabon sai ƙara 'yan kabu-kabu suke yi a kan ɗan ragowar fasinjan.