Soso da tsumma a cikin sitiyari

Tun shekaranjiya nake danne zuciyata, amma yau da na ga wani ya rubuta a ƙarƙashin hoton motar nan da tayarta ta fashe ta daki bayan tirela a Legas wai "ƙaddara ce, a rufa wa bawan Allah asiri", haƙurina ya ƙare. Asirin wa za a rufa? Na yaron da ke kwance da karyayyun haƙarƙari huɗu yana jan numfashi da ƙyar, ko na wanda ya sayar masa da mota da soso a cikin sitiyari a madadin iyabag, jakar iskar nan da ke fitowa ta tare direba in an yi karo?

Duk kun ga hoton. Kun san inda abin ya faru, gangaren gadar Otedola. Kun san yaron, kun kuma san wanda ya sayar masa da Corollar wata huɗu da suka wuce. Ba zan kama suna ba, wanda kuma ya kama suna a ƙasan rubutun nan zan goge. Abin da wasunku ba su sani ba shi ne abin da idona ya gane mini jiya a garejin da aka ja motar aka kai a Agege. A gabana mai gyara ya ɓalle murfin sitiyari. Soso ne a ciki, irin na katifa, da guntun tsumma, an cusa an liƙe da gam an bi da baƙin fenti. Ɓangaren mai zaman banza ma rami ne kawai. Da ya kwance allon mita ya nuna mini gurbin fitilar iyabag, babu ƙwai. An ƙwaƙule shi.

An ƙwaƙule shi fa! Mutum da hankalinsa ya ɗauki sukundireba ya kwance allo, ya cire abin nan guda ɗaya da zai gaya wa mai saye cewa motar nan ba ta da kariya, ya mayar ya ɗaure, aka wanke mota aka shafa mata mai tana ƙyalli, aka ce "tokumbo ce fes, ko ƙwarzane babu". Wannan ha'inci ne. Ku kira shi da duk sunan da kuka ga dama a kasuwarku, ni dai ha'inci na sani.

Masu cewa ƙaddara, ban musa muku ba. Ni ma musulmi ne, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Fashewar taya ƙaddara ce, dukan bayan tirela ƙaddara ne. To cusa soson fa? Shi ma daga sama ya faɗo? Tun muna Islamiyya aka karantar da mu labarin mai sayar da abinci da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tulin abincinsa ya ji lema a ƙasa, ya tambaye shi me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. A kan abinci jiƙaƙƙe ke nan, wanda iyakarsa a yi asarar kuɗi. Ina ga wanda ya ɓoye aibin da ake biya da ƙirji da haƙarƙari?

Wani ya biyo ni ta akwatin saƙo yana cewa, "Yaya, ai haka kowa yake yi, ka je Berger ka gani." Kasuwar motocin Berger yake nufi. Ban yarda kowa ne ba, na san dillalai masu tsoron Allah. Kuma ko da kowa ne, sai me? Kowa ya san yawancin motocin da ake saukewa a tashoshin jirgin ruwa na Apapa da Tin Can masu araha daga gwanjon motocin haɗari na Amurka ake sayo su. Ba laifi ba ne, sana'a ce. Motar tana zuwa da gaba a lotse, iyabag ya riga ya fashe, shi kuma sau ɗaya yake aiki a rayuwarsa, ba a naɗe shi a mayar. Za a kashe kuɗi a kan bamba da fitilun gaba da fenti saboda ido na gani, in aka zo kan iyabag sai a ce tsada. Na ji, da tsada. To ka faɗa mana! Ka ce, "Malam, motar nan ba ta da iyabag, na rage maka kaza, in ka so ka je ka sa." Mai saye ya zaɓa da idonsa a buɗe. Abin da ya hana ka faɗa shi ne ka san farashi zai sauka. Ashe ba tsada ce ta sa ka cire ƙwan ba, son kuɗi ne.

"Ni ma haka na saye ta." Wannan ita ce maganar da wanda ya sayar da motar ya kai asibiti tare da ledar lemo da ayaba. Shekara nawa kana harkar mota, Alhaji? Kana gane motar da aka yi wa fenti daga nesa, kana jin ƙarar injin ka faɗi shekarunsa, amma ba ka taɓa lura fitila ɗaya ba ta kamawa? Ka faɗa wa wani wannan, ba ni ba.

Sai masu cewa a Legas ina ma aka samu hanyar gudu, kullum muna cikin gosulo. Ku hau gadar Third Mainland da asuba, ko doguwar gadar nan bayan Kara da daddare, ku dawo mu yi magana. Kuma ba sai an yi gudun 120 ba. Ka daki bango ko bayan tirelar da ke tsaye a gudun kilomita 25 kacal, ya isa iyabag ya tashi, domin ya isa ƙirjinka ya haɗu da sitiyari. Kafin ka ƙifta ido ya cika, yana fitowa da gudun da ya kai kusan kilomita 300 a awa. Shi ya sa ma ba ya aiki shi kaɗai. Harufan SRS da ke kan sitiyarinku ma'anarsu kariya ce ta ƙari a kan bel. Wanda ya zagaya bel ta bayan kujera ya maƙala don ƙararrawa ta yi shiru, ko yake yafa shi a kafaɗa sai ya hango 'yan Road Safety, ya sani iyabag ɗin da ya kamata ya tare shi zai iya zama shi ne zai karya masa wuya. Yaron nan bel ɗinsa a ɗaure yake. Likita ta ce da ba don haka ba da yanzu zaman makoki muke.

Ga abin da nake so kowa ya yi yau ɗin nan, ba gobe ba. Ka shiga motarka, ka murɗa makulli har fitilun allo su kama, amma kada ka tada injin. Ka nemi hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ko rubutun SRS. Lafiyayyar mota, fitilar za ta kama, bayan kamar daƙiƙa 6 ta mutu da kanta, ta bar ta batir da ta mai a kunne. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. In ta kama ta ƙi mutuwa, akwai matsala, kuma mai yiwuwa ranar buƙata ba abin da zai fito. In kuwa ba ta mutuwa sai ka tada injin, ta ɗauke tare da ta mai a lokaci guda, to wani gwanin rewaya ne ya haɗa wayoyinsu don ya rufe maka ido. Akwai ma masu sa ɗan ƙaramin resisto a bakin wayar don kwamfutar mota ta zaci iyabag na nan. Wannan sai an buɗe an duba. Ka biya bakanike amintacce, naka ba na dillali ba, ya sa na'ura kuma ya duba da ido kafin ka biya kuɗin mota.

Kuma duk wanda ya kai mota gyara ya ce, "Oga, kashe mini fitilar nan tana damuna," ya sani shi ma soson yake cusa wa kansa da iyalinsa. Cire ƙwai ba gyara ba ne. Sau da yawa ma abin ƙanƙani ne, wayar nan mai naɗi da ke cikin sitiyari ce ta tsinke, ko soket ɗin ƙarƙashin kujera ya saki.

Akwai wata masifar da ban taɓa jin an tattauna ta a majalisarmu ba. Kamfanin Takata na Japan ya yi iyabag da wani sinadari da ke lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima. In ya tashi, sai gwangwanin ƙarfen ya tarwatse ya watsa wa direba ɓaraguzai a fuska da wuya. A Amurka kaɗai an yi kiran iyabag kusan miliyan 67 a canza, mutum fiye da 20 sun mutu a can, kamfanin ya durƙushe a 2017. Zafi da laima, jama'a. Wane gari ne ya fi Legas wannan? Motocin da abin ya fi shafa kuwa su ne cike da titunanmu: Honda Accord da Civic na 2001 zuwa 2002, Corolla ta 2003 da 2004, har kamfanonin suka ce kada a tuƙa wasunsu sai an canza. Motar da ta baro Amurka ba a canza mata ba, wa zai aiko maka da wasiƙa Idi-Araba? Lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ka shigar da ita a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai kiran da ba a amsa ba. Wanda kuma zai sayi iyabag na hannu a kasuwar kayan mota ta Ladipo, ya tambaya daga wace mota aka ciro shi.

Mu ma masu saye da namu. Sanyin AC muke dubawa, da rim, da ƙarar kiɗa. Takardar lafiyar mota kuwa da yawanmu aike muke bayarwa a kawo mana gida, alhali jihar Legas ta buɗe cibiyoyin gwaji da kwamfuta inda ake auna birki da fitilu da ƙarƙashin mota. Takarda ba ta tsayar da mota a gangare. Lokacin tafiya gida na zuwa, za a cika mota da mata da yara a kama hanyar Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, da tayar da ba a san shekarunta ba. Lambobi huɗu ne a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Minti biyar ya isa ka duba wannan, da man birki, da baƙin mai, da ruwan lagireto, da iskar safaya. Kuma don girman Allah a daina ɗora yaro a cinya a kujerar gaba. Yara a baya suke zama.

Amma duk wannan sakaci ne, mai shi yake cuta. Na soson daban ne, shi ya sani, ya ɓoye, ya karɓi kuɗi. Ina roƙon shugabannin 'yan kasuwarmu su zauna a kan wannan magana, a mayar wa yaron nan kuɗinsa, a ɗauki nauyin asibiti, a kuma bi sauran motocin da suka fita ta hannu ɗaya a duba su.

Jiya da na shiga wurinsa, da ƙyar ya buɗe ido ya ce, "Yaya, an gaya wa Inna?" Na ce a'a. Ya ce kada a faɗa mata sai ya iya magana da ita da bakinsa, hawan jini gare ta. Saboda haka masu yaɗa bidiyon haɗarin nan a WhatsApp, ku ji tsoron Allah ku goge. Ya riga ya shiga zauren 'yan garinsu, saura ƙiris ya kai wayar ƙannensa. Wanda ya ɗauka ma, da hannun da ya riƙe waya da ya danna lambar neman agaji, 112 ko 767. Direban danfo ne, Bayarabe, ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke shi zuwa asibiti, rigarsa duk jini, ko sunansa ba mu samu ba. Motarsa layin Berger zuwa Ojota take yi, gilashin bayanta a fashe an liƙe da leda. Wanda ya san shi ya yi mini magana, muna nemansa.