Ɗigon shan inna ba ya hana mashaƙo

Cutar mashaƙo da ta ɓarke a Kano daga ƙarshen shekarar 2022, ta bazu zuwa Yobe, Katsina, Bauchi da Borno, har ta kai yankin Zinder a Nijar, ta tona asirin wani giɓi da aka daɗe ana rufewa. Yawancin yaran da ta kama ba su taɓa kammala rigakafin jarirai ba, wasu ma ko allura ɗaya ba a yi musu ba. Amma da ka tambayi iyayensu za su ce maka an yi musu rigakafi, domin masu ɗigo sun sha shiga gidan. Ba ƙarya suka yi ba. Shekaru fiye da ashirin ana bin gida-gida da ɗigon shan inna, har jama'a suka ɗauka rigakafi ke nan gaba ɗaya.

Aikin shan inna ya yi amfani, babu mai musu. Bayan dakatar da ɗigon da aka yi a Kano a 2003, da shigowar sarakuna da malamai cikin harkar, an kai ga 25 ga Agusta 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Sai dai ɗigo biyu a baki ba ya kare yaro daga mashaƙo, tarin shiƙa, ƙyanda ko sanƙarau. Waɗannan allura ce, kuma ana yin ta ne a ɗakin shan magani bisa jadawali. A nan ne ya kamata gwamnatocin jihohi su mayar da kuɗinsu da hankalinsu.

Jadawalin bai da wuyar riƙewa. Ranar haihuwa ana ba jariri allurar tarin fuka, ta ciwon hanta da ɗigon shan inna. A mako 6, mako 10 da mako 14 ana yi masa Penta, allura ɗaya mai kare cututtuka biyar da mashaƙo ke cikinsu, tare da ta namoniya da ɗigon gudawa. A wata 9 sai ƙyanda, shawara da sanƙarau, a wata 15 ƙyanda karo na biyu. Zuwa shida ke nan. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta nuna yara fiye da miliyan 2 a Najeriya ba su samu ko Penta ta farko ba, kuma akwai wani tarin da suka fara suka tsaya a hanya.

Tsayawar nan tana da dalilai da ake gani da ido. Penta takan sa zazzaɓi da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu. Idan ma'aikaciya ba ta faɗa wa uwa haka tun kafin ta soka allurar ba, jariri ya kwana yana kuka, da safe maigida zai ce ba za a koma ba, kuma magana ta ƙare. Bayanin minti biyu ne: zai yi zazzaɓi, ga yawan farasitamol daidai da nauyinsa, a ci gaba da ba shi nono, a dawo ranar kaza, ga ranar an rubuta a kati. Amma mutum ɗaya da ke rajista, yana auna nauyi, yana allura, mata hamsin na zaune a benci, ina zai samu minti biyun? Ya kamata kuma iyaye su san cewa idan an makara ba a sake farawa daga farko. Wanda ya yi Penta ta ɗaya ya ɓace wata uku, ta biyu za a yi masa, muddin an bar tazarar mako huɗu tsakanin kowace allura da mai bi mata.

Sai batun buɗe kwalba. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara 10 ce, ta tarin fuka ta yara 20, kuma da zarar an haɗa garin da ruwansa, bayan awa shida dole a zubar da abin da ya rage. Saboda tsoron a tuhume su da ɓarna, ma'aikata da yawa kan ce wa uwar da ta zo ita kaɗai ta dawo ranar da yara suka taru. Matar da ta biya kuɗin babur daga ƙauye da wuya ta sake dawowa. Ƙa'ida ta ce a buɗe kwalba ko da yaro ɗaya ne, domin an riga an lissafa wannan asarar tun wajen odar magani. Shugabannin lafiya na ƙananan hukumomi su ne za su tabbatar wa ma'aikatansu da wannan a rubuce, su daina yi musu faɗa a kan ragowar magani.

Ajiya ma tana lalata aiki ba tare da kowa ya lura ba. Maganin rigakafi yana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Kowa ya san zafi yana kashe shi, shi ya sa ake duba tambarin da ke jikin kwalba: idan murabba'in da ke tsakiyar da'irar ya yi duhu kamar da'irar, an daina amfani da ita. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne daskarewa. Penta da allurar ciwon hanta idan suka daskare sun mutu, kuma tambarin ba zai nuna ba. Hakan na faruwa ne idan aka ɗauko ƙanƙara kai tsaye daga firiza aka jera ta jikin kwalabe a akwatin fita ƙauye. Ana ajiye ƙanƙarar ne a waje har sai an ji ruwa na motsi a cikinta idan an girgiza, sannan a sa. Yaron da aka yi wa daskararriyar allura katinsa a cike yake, jikinsa kuwa babu kariya. Firji mai aiki da hasken rana ya rage matsalar wuta, amma yana buƙatar mai rubuta ma'aunin sanyinsa safe da yamma, da mai gyara da kayan gyara a kusa.

Kuɗin waɗannan ƙananan abubuwa, wato man babur na fita ƙauyuka, katin yara, gyaran firji da alawus ɗin masu bibiyar yaran da suka ɓace, su ne ake fara yankewa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kiwon lafiya a matakin farko. Majalisun jihohi su riƙa tambaya nawa ya isa kowane asibiti da abin da aka yi da shi. Masu unguwanni da ungozomomi da wanzamai sun san kowace haihuwa a unguwarsu kafin ranar suna. A haɗa sunayen da ke hannunsu da rajistar asibiti duk wata, a bi wanda bai zo ba.

Akwai kuma gyaran da ke wuyan gwamnatin tarayya. Kariyar Penta uku tana raguwa yayin da yaro ke girma, shi ya sa mashaƙo ya kama 'yan makaranta da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarin allura uku: tsakanin wata 12 da 23, shekara 4 zuwa 7, da shekara 9 zuwa 15. Firamare, Islamiyya da tsangaya su ne wuraren da za a samu yaran wannan shekaru a tare, kuma ranar shiga aji ɗaya ita ce ta fi dacewa a duba katin kowa a cike masa abin da ya rasa.