Kalifoniya ta ƙi rabuwa da aikin tilas a gidajen yari

A Nuwamban 2024 aka tambayi masu zaɓe a jihar Kalifoniya ta Amurka ko sun yarda a haramta tilasta wa fursunoni aiki. Kusan kashi 53 cikin ɗari suka ce a'a, alhali maƙwabciyarsu Nevada ta amince da irin wannan ƙudiri a ranar. Wata biyu tsakani gobara ta tashi a Los Angeles da ke Kalifoniya, sai ga fursunoni wajen dubu cikin tufafi ruwan lemo suna saran daji don datse wa wuta hanya, ana biyansu dala 5.80 zuwa 10.24 a yini, da ƙarin dala ɗaya a awa. Jihar da ta fi kowa tinƙaho da kare haƙƙin ɗan Adam ke nan.

Za a ce waɗannan da kansu suka nemi aikin. To, sauran fa, masu wanki da girki da shara? Masu cewa aiki na gyara hali su gaya mana dalilin da ya sa wanda ya ƙi fita ake hana shi waya da ganin iyalinsa, wani lokaci a kulle shi shi kaɗai. A jihohin Texas da Jojiya akasarinsu ko sisi ba a ba su.

Abin na da asali. Gyara na 13 da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1865 ya haramta bauta, amma ya bar ƙofa: sai dai in hukunci ne kan laifi. Nan take jihohin kudu suka mai da rashin aikin yi laifi, suka dinga kame baƙaƙen fatar da aka 'yanta suna ba da hayarsu ga masu gonaki da ramukan kwal. Alabama ba ta daina ba sai 1928. Kurkukun Angola da ke Louisiana tsohon gandun bayi ne, kuma har yau ana kora fursunoni, galibi baƙaƙe, gona a cikinsa.

Baƙaƙen fata kusan kashi 13 ne na al'ummar Amurka, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunoninta. Wanda ya ce wannan katari ne, raina mana hankali yake yi.

A goge waccan jimla ta "sai dai in hukunci ne kan laifi" daga kundin, a biya mai aiki ladan guminsa. Jihar Kolorado ta goge irinta daga nata kundin tun 2018, sama kuwa ba ta faɗo ba.