Hleb na gidan kallo da Hleb na Minsk

Na san Alexander Hleb tun kafin in san inda Belarus take a taswira. A gidan kallon ƙwallo na unguwarmu a Kano na san shi, inji na ruri a waje, mu kuma mun cunkushe kan benci. Siririn Bature ne mai lamba 13, safa a zazzage, yana yanka mutane kamar an ɗaure masa ƙwallon a ƙafa. Da ya iso bakin raga sai kowa ya miƙe ana ihun "Buga mana!", shi ko sai ya miƙa wa Fabregas ko Adebayor. Hukuncin da muka yanke masa ke nan: ya iya yanka, bai iya ci ba. Muna da hujja kuwa, domin wasa 89 ya buga wa Arsenal a Firimiya, ƙwallo 7 kacal ya ci.

Karatu ya kawo ni Minsk, babban birnin Belarus, garin da aka haife shi a 1981, kuma a nan na gane rabin mutumin muka sani. Idan ka ambaci sunansa wa direban tasi ko abokin karatu, ba lissafin ƙwallaye za a fara yi maka ba. Za a ce maka shi ne ɗan ƙasar nan na farko da ya buga wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, a Paris a 2006, daren da aka ba Lehmann, mai tsaron gidan Arsenal, jan kati Barcelona ta ci 2-1. Mu da muka saba ganin Kanu da Okocha da Mikel a manyan ƙungiyoyi, irin wannan ba ya girgiza mu. Belarus kuwa ba ta taɓa zuwa gasar kofin duniya ba, ba ta taɓa zuwa ta ƙasashen Turai ba. Yaron da ya bar BATE Borisov a 2000 ya tafi Stuttgart tare da ƙanensa, ya zama ƙashin bayan ƙungiyar da ta zo ta biyu a Jamus a 2003 har ta doke Manchester United, shi ne tagar da suke leƙa duniya ta ciki.

Inda muka fi tsananta masa a gida shi ne tafiyarsa Barcelona a 2008. Ina tuna zafin abin. Kakar da ta gabata Arsenal ta daɗe a saman teburi, Fabregas da Flamini da Rosicky da shi suna juya tsakiya yadda suka ga dama, sannan aka karya ƙafar Eduardo a Birmingham komai ya fara warwarewa, duk da cewa bayan haka sun je San Siro sun lallasa Milan 2-0. A kan wannan raunin ya tattara ya tafi. Da muka ga yana ɗumama benci a hannun koci Guardiola, sai aka yi ta cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Barcelona ta ɗauki kofi uku a 2009, amma ranar wasan ƙarshe a Roma ko a benci babu sunansa. Sai aro: Stuttgart, Birmingham, Wolfsburg, ga ciwo yana bin sa. Har Inter ta Mourinho ta neme shi ya ƙi, ita kuma ta kwashe kofi uku a kakar 2009/10.

Ba na cewa bai yi kuskure ba. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa barin Arsenal shi ne babbar nadamarsa, kuma kocinsu Wenger ya so ya zauna. Abin da na daina yarda da shi shi ne yadda muke rufe littafin mutum daga ranar da ya bar akwatin talabijin ɗinmu. A wurinmu Hleb ya ƙare a 2008. A nan kuwa sai a 2019 ya rataye takalmi, kuma shekarun ƙarshen su ne mutane suka fi riƙewa, saboda da idonsu suka gan shi. Ya dawo BATE a 2012, ƙungiyar da ta samo sunanta daga masana'antar kayan lantarkin motoci da taraktoci, yana cikin waɗanda suka doke Bayern 3-1 a Minsk a watan Oktoban shekarar. Bayern ɗin nan ita ta ɗauki kofin zakarun a ƙarshen kakar.

Ahmed Musa yakan faɗo mini a rai idan ina wannan tunani. Shi ma ya bar CSKA Moscow inda ake ji da shi ya tafi Leicester a 2016, abin bai yi daɗi ba. Da ya dawo Kano Pillars a 2021 na ji masu murna, na kuma ji masu cewa ai ta ƙare masa ne. Wannan magana ta biyu tana yi mini ciwo, wataƙila don ni ma ina waje, kuma na san tambayar da ake yi wa wanda ya dawo gida ba da buhun kuɗi ba.

A watan Fabrairun 2019 na hau jirgin ƙasa zuwa Borisov, don ƙuri'a ta haɗa BATE da Arsenal a gasar Europa. Sanyi kamar zai tsinke yatsu, filin kuma ɗan ƙarami, mutum wajen dubu 13 kawai yake ɗauka. Hleb yana da shekara 37, gudun ya tafi, amma har yanzu idan ya karɓi ƙwallo ya juya baya, ƙwace shi sai an yi da gaske. BATE ta ci 1-0, Dragun ya sa da ka. Ni da na taso ina goyon bayan Arsenal, da aka sauya shi na tsinci kaina a tsaye ina tafi tare da mutanen garin, wani dattijo kusa da ni yana ta kiran "Sasha, Sasha", wato Alexander a taƙaice, kamar ɗansa ne ke fita daga fili.