Wai Paul Chambers ɗan rakiya ne

Na yi kusan shekara biyu ina jin wani kiɗa a wayata ban san rabinsa kawai nake ji ba. Sunansa "So What", shi ne na farko a faifan Kind of Blue na Miles Davis, mai busa ƙaho ɗan Amurka a kiɗan jaz. Abin da 'yar lasifikar waya ke ba ni bai wuce wannan ba: shiru, sai fiyano ya yi wata 'yar magana mai gaɓa biyu, a sake yin shiru, ya maimaita, can sai masu ƙaho su shigo su taya shi. Ni a zatona haka salon yake, mutanen jaz ne da son jan rai. Sai wani dare bayan isha'i, an ɗauke wuta, na ari babban iyafis ɗin ƙanena mai rufe kunne ruf, na kishingiɗa a tabarma na kunna. Ashe duk wurin da nake cewa shiru ne, akwai mai magana a ciki. Wata murya ce mai kauri can ƙasa, ita ke kawo jimlar, sauran kuma suna amsa mata kamar ana addu'a ana cewa amin. Wato shekara biyu amshi nake ta ji, ban taɓa jin mai bayar da waƙar ba.

Mai wannan muryar shi ne Paul Chambers, abin kiɗansa kuma bas, ƙaton gogen nan mai tsirkiya huɗu da ake kafa shi a ƙasa, tsayinsa ya kai na mutum, a rungume shi a tsaye ana fizgar tsirkiyar da yatsu. Da na ba wani abokina labari, mutumin da ya fi ni tara faifai nesa ba kusa ba, sai ya taɓe baki ya ce, "Malam, ai wannan ɗan rakiya ne. Ya yi ta bin manya har ya mutu." Maganar ta tsaya mini a maƙogwaro. Kun san ma'anar ɗan rakiya a bakinmu: wanda ya shiga takara don a cika lissafi, wanda aka kira ɗaurin aure don sahu ya yi tsawo. To, mu duba wannan rakiyar.

An haifi Chambers a Pittsburgh ranar 22 ga Afrilu, 1935, amma a Detroit ya girma bayan rasuwar mahaifiyarsa. Da kayan busa ya fara a makaranta, masu zurfin murya, kafin ya koma bas wajen 1949. Ya yi karatun abin a hannun wani makaɗi na babbar ƙungiyar kiɗan gargajiyar Turai ta Detroit, ya kuma yi sakandaren Cass Tech. Wani mai busa saksafon, Paul Quinichette, ya ɗauke shi yawon wasa, daga nan ya tsinci kansa a New York. A 1955, yana ɗan shekara 20, Miles Davis ya sa shi cikin ƙungiyarsa tare da John Coltrane a saksafon, da Red Garland a fiyano, da Philly Joe Jones a ganguna. Ɗan shekara ashirin fa. A wannan shekarun ni ko kuɗin cefane ba a yarda a damƙa mini ba.

Sai an fahimci aikin mai bas kafin a gane girman abin. A jaz na wancan zamani, mai busa yana ƙirƙirar abin da yake busawa ne nan take, babu rubutu. Yana iya yin nisa, ya karkace, ya yi shiru, ya dawo. Abin da ke hana shi ɓata shi ne mutum uku da ke bayansa kamar duwatsun murhu, fiyano da ganga da bas, kuma a cikinsu mai bas ne ke riƙe da abu biyu a lokaci guda. Shi ke ba da taku, ɗaya biyu uku huɗu, ba fashi, shi ya sa ma su da kansu suke kiran salon da tafiya. Kuma kowane taku sai ya zaɓi sautin da zai gaya wa mai busa inda aka kwana a waƙar da inda aka dosa. Mai ƙaho yana busa minti uku ya koma gefe ya goge gumi. Mai bas ba ya zama. Tun daga farkon waƙa har ƙarshenta yatsunsa na kan tsirkiya, tsirkiyar hanji mai kauri, babu na'urar ƙara sauti, dole ya ja da ƙarfi don a ji shi ta cikin ƙarar ganguna. A yi haka dare shida a mako.

Ku dubi 1956 kaɗai. Miles yana son ya koma kamfanin faifai na Columbia, amma akwai sauran bashin faifai a kansa na kamfanin Prestige. Sai suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder a Hackensack, jihar New Jersey, wanda a gaskiya falon gidan iyayensa ne, shi kuma da rana likitan tabarau ne. Zama biyu suka yi, 11 ga Mayu da 26 ga Oktoba, suna ta zuba abin da suka saba kaɗawa a gidajen rawa, kusan duk a ɗauka ɗaya. Daga zama biyun nan aka fitar da faifai huɗu da har yau ɗaliban jaz ke haddacewa. Tsakanin zaman biyu Chambers bai huta ba. Mako biyu bayan na farkon yana tare da Sonny Rollins a faifan Tenor Madness, inda Rollins ya sa wa wata waƙa suna "Paul's Pal", wato abokin Paul. A Disamba kuma mai fiyano Thelonious Monk ya rasa mai bas, domin sun yi baram-baram da Oscar Pettiford a kan wata waƙa mai wuyar tsiya da aka yi ta maimaitawa ba ta ɗauku ba. Pettiford kuwa gagarau ne, ya girmi Chambers da shekara goma sha biyu. Wa aka kira ya ƙarasa faifan? Yaron nan ɗan shekara 21.

A Janairun 1957 suna Los Angeles, sai wani kamfani ya ari su ukun nan na bayan Miles ya haɗa su da mai saksafon Art Pepper, aka kuma rubuta a bangon faifan cewa Pepper ya gamu da masu riƙe kiɗa. Ba a ma ga buƙatar a ce na wane ba, kowa ya san su. A Satumbar shekarar yana cikin Blue Train na Coltrane. Idan ka ɗauki faifan kamfanin Blue Note ko Prestige na ƙarshen shekarun 1950 ka juya bayansa, sau da yawa sunansa za ka tarar: da Sonny Clark, da Hank Mobley, da Lee Morgan, da Jackie McLean. Waɗannan mutane ba dole aka yi musu ba. New York cike take da masu bas. Kuɗin faifai kaɗan ne, lokacin ɗauka awa uku ne, babu damar a yi ta gyara, don haka wanda kake da tabbacin ba zai zubar maka da miya ba shi kake kira.

Abokina ya ce to me ya hana shi zama shugaba in har ya isa? Ya yi faifai da sunansa, wajen shida. Akwai Bass on Top na 1957, inda ya buɗe da goga tsirkiya da izga maimakon fizga, kamar mai goge, abin da masu bas na jaz kaɗan ne ke da ƙarfin halin yi a lokacin. Zan faɗi abin da wasu masoyansa ba sa son ji: sautin gogawar tasa yana da ƙaiƙayi, wani lokaci kamar ana zarto, kuma faifansa na kansa, duk da kyansu, ba su ne inda ya fi burge ni ba. Na fi son sa a bayan wani. A can ne za ka ji yadda yake sauraro. Mai busa ya ɗan yi jinkiri, shi ba ya jinkirta masa, sai ya ci gaba da takunsa daram har wancan ya samu abin jingina. Mai busa ya hau sama, sai ka ji Chambers ya gangara ƙasa ya buɗa masa fili. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma mutum na iya ƙwarewa a cikinta fiye da yadda shugaban ya ƙware a tasa. Mu da muka tashi muna jin manyan mawaƙanmu ai mun san haka: a canja wa mawaƙi mai kalangunsa na gaba, waƙar ba ta zauna daidai ba ko da baitukan ba su canja ba. Amma tambayi mutum goma sunan mai kalangun ka gani.

Mu koma Kind of Blue. An ɗauke shi a wani tsohon coci da Columbia ta mayar ɗakin ɗaukar sauti a titi na 30 a New York, zama biyu, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu, 1959. A zaman farko aka yi "So What", inda Miles ya juya al'ada: ya ba mai bas jigon waƙar, shi da Coltrane da Cannonball Adderley suka zama 'yan amshi. Miles kuwa ba mutum ne mai rabon girma kyauta ba. Zama na biyu ya faɗo daidai ranar da Chambers ya cika shekara 24. A ranar aka ɗauki "All Blues", kiɗan da ya haura minti goma sha ɗaya, wanda kusan wata 'yar jimla guda yake ta juyawa a ƙasa kamar mai daka, sauran suna hawa suna sauka a kanta. Ban san wani aiki da ya fi wannan buƙatar haƙuri da danne son kai ba. Ba a yi mako biyu ba Coltrane ya kira shi faifan Giant Steps, wanda sautukansa ke canjawa da gudun da har mai fiyanon ranar sai da ya yi tuntuɓe. A faifan nan ne Coltrane ya sa waƙar "Mr. P.C.", haruffan farko na sunan Chambers.

A nan kuma raina yake ɓaci. Tsarin biyan kuɗi a lokacin shi ne, mai rakiya ana ba shi ladan zama ne bisa farashin ƙungiyar makaɗa, ya sa hannu ya tafi. Shugaban faifai yana da kaso a ciniki, wanda ya tsara waƙa yana da nasa kason duk lokacin da aka sayar ko aka kaɗa ta. Mai bas ba shi da ko ɗaya. Kind of Blue ya haura kwafi miliyan biyar a Amurka kaɗai bisa shaidar da aka ba shi a 2019. Jimlar da duniya ta san faifan da ita daga yatsun Chambers ta fito, amma abin da ya shiga aljihunsa ladan yini biyu ne. Hatta waƙar da ke ɗauke da sunansa, wadda ɗaliban kiɗa ke kaɗawa a ko'ina, kuɗinta na mai tsarawa ne. Ban ce Coltrane ya ci amana ba, shi ya tsara abarsa, kuma karamci ya yi. Tsarin ne dai kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Jimmy Cobb, mai gangan Kind of Blue, shi ne ya fi kowa daɗewa a cikinsu, ya rasu a 2020 yana da shekara 91, kuma watanni kafin rasuwarsa sai da iyalinsa suka buɗe asusun neman taimako a intanet don kuɗin jinya.

Ba zan wanke Chambers tas ba. Ya faɗa shan giya da hodar heroin tun yana matashi, kamar da yawa daga cikin abokan aikinsa, kuma abin ya ci jikinsa. A 1963 ya bar Miles bayan kusan shekara takwas, ya bi mai fiyano Wynton Kelly, Cobb ma ya same su, suka zama ƙungiyar mutum uku. Su ne ke bayan mai jita Wes Montgomery a faifan da aka ɗauki wani sashensa a gidan rawa na Half Note a 1965, kuma wanda ya ce ƙarfin Chambers ya ƙare bayan Miles ya je ya saurari wannan. Amma daga nan aiki ya fara ja baya. Salo ya canja, matasa sun taso da wata irin kaɗawa, jiki kuma ya ƙi. Tarin fuka ya kashe shi a New York ranar 4 ga Janairu, 1969, yana da shekara 33. Irin ciwon da ya ɗauke Jimmy Blanton ke nan a 1942 yana ɗan 23, mai bas ɗin Duke Ellington da ya fara nuna cewa kayan nan na iya magana da kansa.

Wanda ya gaje shi a wurin Miles, Ron Carter, shi ma Cass Tech ya yi. Allah ya ja kwanansa, har kundin Guinness ya ƙirga masa ɗauka 2,221 a 2015, ya koyar a jami'a, aka karrama shi yana raye. Chambers shekara goma sha huɗu kacal ya samu a fagen.

Jiya na koma wurin abokin nawa da iyafis ɗin ƙanena a aljihu. Na sa masa "So What", na ce kada ya bi ƙaho, ya bi abin da ke ƙasa. Ya yi shiru har Miles ya gama busarsa, yana kaɗa ƙafa bai sani ba. Da ya cire sai ya ce, "To, na ji. Amma dai sunan Miles ne a gaban faifan." Na ce haka ne, juya bayan. Ya ce ai a waya yake ji, babu baya.