Teɓa ba murmurewa ba ce

Waɗanda suka je sunan Agege ranar Asabar sun san abin da nake nufi, kuma wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Ƙanena mai ciwon laka yana zaune a kekensa na marasa lafiya gefen rumfa, Gwaggo ta zo ta dafa shi tana cewa, "Masha Allah, ɗana ya murmure, ku dubi kumatu!" Nan take ta sa aka ƙaro masa shinkafa da soyayyen nama da Maltina har biyu. Na ce, "Gwaggo, a rage masa mana." Wai ina yi wa mara lafiya rowa. To madalla, mun yi sabuwar likita a dangi.

Jama'a, teɓar da kuke gani a gaban mai ciwon laka ba sauƙi ba ne ya samu. Shekara uku ke nan da mota ta kaɗe yaron nan a kan okada wajen Mile 12, laka ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba motsi. Ni nake masa wanka a farkon abin. Da idona na ga cinyoyin da suke ɗaukar buhun albasa sun koma kamar sandar rake cikin 'yan watanni. Tsokar nan da ta zube ita ce murhun da ke ƙona abinci, ita ke shanye mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan an ci an ƙoshi. Murhu ya ragu, ku kuma kuna ta tura itace. Ina ragowar zai je? Kitse zai zama, ya taru a ciki kewaye da hanji da hanta. Daga nan sai ciwon suga, sai cutar zuciya, wadda tana cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda suka daɗe da ciwon laka.

Kuma kar wanda ya kawo mini zancen sikeli. Tsoka ta tafi, kitse ya maye gurbinta, sikeli zai ce maka nauyi bai canza ba. Shi ya sa a ma'aunin BMI, mai gwada nauyin mutum da tsayinsa, inda ake cewa mai lafiya ya yi ƙiba idan ya kai 30, masu bincike suka ce mai ciwon laka a fara damuwa tun daga 22. Ni tef ɗin tela nake zagaya masa a ciki duk ƙarshen wata.

Sai ka ji wani ya ce, "Ai me ya rage masa a duniya in ba ɗan abincin ba?" Ya rage masa kafaɗu biyu, Malam. Da su yake ɗaga kansa daga gado zuwa keke, daga keke zuwa banɗaki, kullum ta Allah. Duk kilon da kuka ƙara masa a kansu zai sauka. In kafaɗa ta gaza sai kwanciya, kwanciya kuma ita ke kawo gyambo, kuma ranar da za a wanke gyambon ba na ganin ƙeyar masu Maltina. Masu cewa rai na Allah ne, ba wanda ya musa, amma ku ma ai kuna duba hagu da dama kafin ku tsallaka titin Ikorodu.

Na san ƙauna ce. Gwaggo ta yi kuka a asibiti fiye da kowa, ban manta ba. In za ki zo, Gwaggo, ki taho da zogale ko kifi ko dafaffen wake, ki bar lemon kwalba a shago. Ƙa'idar da masana suka fitar a 2018 ta ce mai ciwon laka ya motsa jiki sosai na minti 30 sau uku a mako domin lafiyar zuciya da suga. Shi da robar tayar babur yake yi, mun ɗaura masa a ƙarfen taga, yana ja har gumi ya jiƙa masa singileti.

Ya so ya riƙa fita yana tura kekensa da yamma, amma a ina? Kwata a buɗe, 'yan Keke Marwa ba sa ragawa kowa. Masallacin layinmu ma matakala biyar ne a ƙofa. An tara kuɗin tayil, an tara na fanka, na yi wa kwamiti maganar ɗan gangaren siminti tun kafin azumi, har yau wai ana dubawa. Siminti buhu nawa ne fisabilillahi?